Akwatin Isufu a Gindin Dutsen Bagzan

A watan nan na Zulƙida yayana Isufu ya cika shekara goma sha huɗu da rasuwa. Ba a Waca yake kwance ba, inda mahaifinmu da kakanninmu suke. Kabarinsa yana can ƙasar Abzin, a gindin dutsen Bagzan, tafiyar kwana biyu daga gida idan mota ba ta yi gardama ba. Kowace shekara nakan yi masa sadakar waina, in ja bakina in yi shiru. Bana kam ba zan yi shiru ba, domin ranar Juma'ar da ta wuce mutumin da ya bar shi a gindin dutsen nan ya tako har zaurena, wai ya zo neman gafara.

Isufu makanikin injin ban ruwa ne, kuma kunnensa ya fi hannunsa iya aikin. Yana zaune a ƙofar gida, mota ta tunkaro gari ba a ma hango ƙurarta ba, sai ya ce, "Ta wane ce, kuma bujin injinta ɗaya ya mutu." A je a duba, haka ɗin ne. Ni da na yi lakwal na zama malamin makaranta, "Mushe mai laushin hannu" yake kirana, don Mushe ake ce wa malamin makaranta a wajenmu, ya miƙo mini kile ya ce in kwance ƙusa ɗaya in yana so jama'a su yi dariya. Yana da akwatin ƙarfe kore da yake zuba kayan aikinsa. Ko ni ba ya yarda in taɓa shi.

Habu ɗan ƙanwar Innarmu ne, sa'an Isufu, tare aka yi musu kaciya. Yana da tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, da yake fataucin kayan lambu da ita daga Abzin, kuma ba don hannun Isufu ba da tuni an sayar da ita ga maƙera. Shi ya zo da labarin cewa masu lambu a kan Bagzan injinansu sun lalace, babu mai gyara. Suka tafi tare gab da girbin gero. Bayan mako biyu Habu ya dawo shi kaɗai.

Har yau ina ganin yadda ya durƙusa a gaban Baba yana share ido da hannun riga. Ya ce kububuwa ce ta sari Isufu a cikin lambu. Ya ce mota ba ta hawa dutsen, sai ya sauko ya tayar da ita yana jira a kawo shi, amma Abzinawan ƙauyen, musamman mai masaukin da suka sauka, suka hana a sauko da shi, wai sai sun gwada nasu maganin. Kwana biyu ya yi a gindin dutse, in ji shi, yana aike ana mayar masa da ɗan aike, har labarin mutuwa ya iso shi. Duk muka gaskata. Wa zai ƙaryata ɗan'uwa a ranar makoki?

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi ci mini rai. Akwai wani dattijo Ba'abzine, Ahmudu, wanda tun kafin a haife ni yake sauka a gonarmu ta hanyar Dungas bayan kowane girbi. Raƙumansa su ci kara su bar mana taki, ya ba Inna gishiri da dabino, Baba ya auna masa gero. A shekarar nan ya iso kamar kullum, har da ta'aziyya a bakinsa. Baba ya ce kada rana ta faɗi yana gonar. Ni ne na tuge turakun raƙumansa da hannuna, ina zaginsa da zagin ƙabilarsa, mutumin da bai taɓa taka ƙauyen da Isufu ya mutu ba. Ya ja amawalinsa ya rufe baki, ya ɗaure kayansa, ya kora dabbobinsa ya yi kudu. Baba ya rasu bayan shekara uku yana ja wa Abzinawa Allah ya isa.

A shekara ta shida gwamnati ta tura ni koyarwa yankin Agadas. Hutun farko na nemi hanyar Bagzan. Ba ziyara ta kai ni ba, kada in yi wa masu karatu ƙarya. Na tafi ne in ga idon mai masaukin nan, in zazzage masa abin da na yi shekara shida ina tarawa. Tun hantsi nake hawa a ƙafa bayan jakunan masu albasa, duwatsu baƙaƙe, hanya ba ta wuce faɗin tabarma ba, ban kai sama ba sai bayan la'asar. Mutumin Waca da bai san tudun da ya wuce jigawa ba, ranar ido ya raina fata.

Masaukin ɗakuna huɗu ne na dutse da laka, da rumfar kaba a tsakiya, da randa mai ruwa kamar ƙanƙara. A da Turawa masu yawon ganin duwatsu suna sauka a can, amma lokacin da na je sai fatake da masu gyare-gyare. Mai shi, Agali, dogon dattijo ne siriri, Hausarsa tsaf. Bai tambayi sunana ba, domin a wajensu baƙo sai ya ci ya huta. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo gurasa da cuku da rumman daga lambunsa. Na ci abincin mutumin da nake ƙi, ina jin kunyar daɗin da ya yi mini.

Washegari da safe ya dafa shayi. Na sha kofi na farko da na biyu ina haɗa maganar da zan fara da ita. Kafin na uku ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da akwatin ƙarfe kore ya ajiye a gabana.

"Kai ƙanin Isufu ne," ya ce. "Tun jiya na ga tafiyarsa a ƙafarka. Shekara shida nake jiran wani daga gidanku ya zo ya karɓi wannan."

Na buɗe. Kowane kile yana wurinsa, an shafe su da mai, babu tsatsa ko ɗigo. Duk zagin da na hau dutse da shi na neme shi na rasa. Da ƙyar na ce, "Baba, don me kuka hana a sauko da shi?" Sai ya aika aka kira maza biyu da suka yi rakiyar a ranar, don kada in ce bakin mutum ɗaya ne.

Ga abin da suka faɗa. Da sassafe macijin ya sari Isufu. Habu ya ce zai riga su sauka ya tayar da mota, ya ɗauki jakar Isufu da akwatinsa ya yi gaba. Su kuma suka ɗora Isufu a kan jaki, Agali yana riƙe da shi ta gefe, inda jaki ba ya iya wucewa su goya shi. Suka iso ƙasa da la'asar. Babu mota. Sai sawun taya, da jaka da akwatin nan an jera su a kan wani falalen dutse, har an danne jakar da ɗan dutse don kada iska ta ɗauke. Motar cike take da tumatir tun daren jiya, kuma tumatir ba ya jiran mara lafiya.

Suka kwantar da shi a inuwar wata aduwa, aka tura mai raƙumi neman wata motar. Jini yana fita daga dasashinsa, amma Agali ya ce Isufu bai bar kowa ya zagi Habu ba. "Ruwan radiyata ya je nema, yanzu za ku gan shi." Idan iska ta kaɗa a cikin kwazazzabo sai ya ɗaga hannu a yi shiru, ya kasa kunne, sannan ya ce, "A'a, ba ita ba ce. Na san kukanta, ni na gyara ta." Haka ya yi ta yi har hantsin washegari, ya cika. Suka yi masa sutura, suka rufe shi a wurin, suka jera duwatsu a kai saboda dila. Agali ya kai ni na gani. Daga kabarin zuwa falalen dutsen taku goma sha biyu ne, na ƙirga.

Ban ce da motar ta tsaya da Isufu ya rayu ba. Ajali na Allah ne, kuma likita, wato asibiti, tana da nisa. Amma wanda tsoro ya ruɗa ba ya tsayawa ya sauke kaya ya jera su, ya danne jaka da dutse. Wannan aikin mai natsuwa ne, wanda ya auna ɗan'uwansa da kwandunan tumatir ya ga wanda ya fi nauyi. Sannan ya zo gida ya shafa wa mutanen da suka goya yayana a bayansu kashin kaji, ya sa mahaifina ya shiga kabari da ƙiyayyar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, ya sa ni na wulaƙanta Ahmudu. Na nemi Ahmudu daga baya har kasuwar Sassumbrum. Aka ce ya rasu.

Da na kawo akwatin gida Inna ta rungume shi ta yi kuka, sannan ta kama hannuna. "Ɗan ƙanwata ne. Na rasa ɗa, kada ka raba ni da 'yar'uwa. Muddin ina numfashi, ka rufe bakinka." Shekara bakwai akwatin yana ƙarƙashin gadonta, ina gaida Habu a wajen suna da biki, motocinsa suna ƙaruwa, tumbinsa yana fitowa. Bara Inna ta koma ga Allah, alkawarina ya ƙare.

Nakan tambayi kaina me Isufu zai ce da ya ga yau. Yanzu har kan Bagzan akwai inda salula take kamawa, da yanzu ne da a take ya kira ni. Masu lambu da yawa sun koma injin da hasken rana ke tayarwa, babu buji, babu hayaƙi, kuma na san da sai ya yi musu tsiya ya ce injin da ba ya kuka ba inji ba ne, sannan ya kwance shi ya koyi cikinsa. Game da Habu kuwa, ina tsoron na san amsar. Da zai ce, "Mushe, bar shi, ka san Habu da ruɗewa." Shi ya sa ba na tambayarsa. Shi mai samar wa mutane uzuri ne, kuma da uzurin a bakinsa ya mutu. Ni ban gaji wannan halin ba.

To, ranar Juma'a sai ga Habu da farar riga da mutane uku a bayansa, yana bin gidaje kamar yadda maniyyata suke yi kafin tafiya Makka. "Mushe, ƙanena, Allah ya yi kira, jirgi mako mai zuwa. Abin da na yi maka da sanina da wanda ban sani ba, ka yafe mini." Na ce ya dakata. Na shiga na ɗauko akwatin na ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Bai tambayi inda na samo shi ba. Sai ya ce, "Ƙaddara ce, ƙanena. Kuruciya ce." Na ce, "Yaya Habu, ka danne jakar da dutse don kada iska ta ɗauke. Ka fi jin tausayin jakar." Mutanen bayansa suka fara kallon juna.

Abin da ya rage na Isufu ba shi da yawa. Akwai wannan akwati. Akwai ɗaki na biyu a masaukin Agali da har yau suke kira ɗakin makaniki. Akwai tulin duwatsu a ƙarƙashin aduwa, da Abzinawa masu saukowa da jakuna suke tsayawa su yi wa Fatiha, mutanen da gidanmu ya yi shekaru yana tsine musu. Daga gare su nake neman gafara a bainar jama'a, da sunana da sunan mahaifina.

Kai kuwa Habu, abin da na faɗa maka a zaure shi nake maimaitawa a nan don duk Waca su zama shaida. Allah ya kai ka Makka lafiya, ba zan tare maka hanya ba, amma da nauyinka za ka yi ɗawafi. Ni ban yafe ba. Idan gafara kake so, ka san hanya, ka bi ta sau ɗari da tumatir. Ka je gindin Bagzan, ka zauna a kan falalen dutsen nan ba tare da motarka ba, ka kira Isufu ka roƙe shi. Sai ka kasa kunne ka jira, kamar yadda ya jira ka. Ranar da ya amsa, ka zo ka faɗa mini, ni ma sai in yafe.