Ragar da Na Ɗinka wa Umma

A unguwar Sharafiyya na tashi, cikin wani birnin Larabawa da ke bakin teku, a wani gida mai hawa uku da ba a samun iska sai an hau saman bene. Da an idar da Magariba, kakata Hajiya Dije za ta hau da kaskon garwashinta, ta ɗora shayi, ta watsa ɓawon lemu a wuta wai hayaƙin ya kori sauro. Bai taɓa korarsu ba, mu dai yake sa wa hawaye. Mu jikokinta Larabci ya fi zama a bakinmu, amma ita ta rantse ba za ta yi tatsuniya da shi ba.

"Ga ta nan," sai ta ce, "wanda Hausarsa ta gaza ya matso kusa da ni."

"Yalla, Kaka, ta zo mu ji ta!"

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta garin da sauro ya ci da yaƙi. Mutanen garin suka gaji da cizo, kowa ya kwaɓa laka ya toshe tagarsa. Sauro ya rasa hanya, iska ma ta rasa. Suna zaune cikin duhu, gumi na zuba, suna taya juna murna wai sun yi nasara. Sai wata tsohuwa mai taurin kai ta ƙi. Ta ɗauko rariyar da take tankaɗe gari, ta kafa a tagarta, aka taru ana yi mata dariya. A nan Kaka kan ajiye kofi, ta riƙe ƙugu, ta yi muryar tsohuwar: "Iskar nan Allah ne ya aiko mini. Don wani ɗan abu mai kuka a kunne zan mayar da ita? Abadan!" Daga ƙarshe kowa ya fasa lakarsa, aka shekara ba a ci tuwo mai laushi a garin ba, don rariyoyi duk sun koma taga.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Bara Ummata, 'yarta, ta kwanta asibiti da zazzaɓin dengi, wanda sauro ke kawowa, har muka fid da rai. Likita ya ce kada a bari ya sake kama ta. Ƙirjinta kuma ba ya ɗaukar sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da an kunna sai tari. Abu ɗaya take roƙo: a kai ta bakin teku ta wuni, kamar yadda suke yi a da ita da mahaifinmu. Yayyena suka ce halas, magana ta ƙare, zaman gida ya kama ta. Raina ya ɓaci matuƙa. Mace da ranta, a kulle ta a ɗaki?

Ina da wata tsohuwar mota mai gado da murhu a ciki. Na kai ta wurin wani mai aikin almuniyam a unguwar Waziriyya don ya sa mini ragar sauro a tagogi. Ya ja gilashin gaba, ya ja shi baya, ya girgiza kai.

"Ma yisir, Hajiya, ba zai yiwu ba. Gilashin nan zamewa yake yi, babu inda firam zai zauna. Ki rufe ki kunna mukayyif kamar kowa."

"Mu'allim, da rufewa nake so, da ban zo wurinka ba."

Ni tela ce, a kan keke na ci ƙuruciyata. Na sayi raga na koma gida. Karon farko na manna ta a kan layin da gilashin ke bi, jan farko ya yage ta gida biyu. Sai na bar tunanin masu ƙarfe, na yi irin namu. Na yanka ta da rarar yatsa uku kowane gefe, na yi mata kalmasa da yadi, na jera ƙananan maganaɗisu a ciki kamar mai zura zariya a wando. Ta kama ƙarfen motar ta ciki, gilashi na kai da kawowa a bayanta. Kusurwa ɗaya ta ƙi kwanciya, sau uku ina warware ta kafin ta zauna.

Ranar Juma'a da la'asar muka isa bakin teku, Umma a kan gadon, taga a buɗe har ƙarshe. Da rana ta yi ƙasa sai ga sauro, suka sauka a kan ragar suna laluben hanya. Ina yarinya na ɗauka labarin Kaka na dabara ne, sai a ranar na gane na ƙin yarda ne. Umma, wadda aka haifa a garin nan kuma ta tsufa ana tambayarta iƙama, wato takardar zama ta baƙi, ta matso da fuskarta dab da ragar, ta shaƙi iska ta cika ƙirji, sannan ta dubi sauron.

"Ku tsaya nan waje," ta ce. "Ina iƙamarku?"