Zaren Hular Kawu

Har yau in na ji mota ta yi tari sai in toshe kunnena. Wata biyar ke nan, ban daina ba.

Motar Kawu ce, ƙanen Inna. Ya saye ta a hannun wani Bature mai awon gyaɗa a Malam Madori, bayan shi Baturen ya gama cinye ƙuruciyarta. Tun farkon damina ta soma ciwo. In ya taka totur sai ta shaƙe, ta yi atishawa ta kafireta, lagireto ya tafasa. Maganin da Kawu ya samo shi ne ya ja cok, abin ƙara wa inji mai, ya tokare shi da guntun kara, a yi ta tafiya haka. Garwar fetur da a da take kai shi Kafin Hausa ta dawo da shi, sai ta koma ƙarewa tun a hanyar komowa.

Ni kuwa dawowata ke nan daga makarantar 'yan mata a Kano. Na tsinci littafin motar a ƙarƙashin kujera, na Turanci, na zauna na karance shi. Rannan ina tsaye Kawu ya kwance fulogogi, na ga bakinsu fari fat kamar toka.

Na ce, "Kawu, littafin ya ce in fulogi ya yi fari, iska ce ta fi mai yawa. Yunwa injin yake ji. A duba ramin da mai ke bi a kafireta."

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Yunwa? Motar da ta fi raƙumi sha? Malama, je ki karanta wa tukunya, ko ta tafasa da Turanci."

Sai ya cire jar hularsa, ya kifa ta a bakin tanki, ya tace fetur da ita, yadda ya saba, wai saboda tsatsar garwa.

Ranar Talata da hantsi aka aiko daga Auyo: Yaya ta kwana biyu tana naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibitin Haɗeja. Muka je muka ɗauko ta, kanta a cinyata, Inna na riƙe da ƙafafunta. Muna tsakiyar fadama, ruwa dama da hagu, shinkafa har inda ido ya tsaya, motar ta yi atishawa sau uku ta mutu.

Kawu ya yi ta juya hannun tayarwa. Ya zuba ruwa a lagireto. Ya zagi Baturen, ya zagi mai sayar da fetur. Yaya ta daina ihu, kuma shirun nan ya fi ihun tsoratar da ni.

Ban san lokacin da na fito ba. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar.

"Kawu, kwance kafiretar nan! Wallahi in ta mutu a nan, kai ne!"

"Ke! Ni kike..."

Inna ta leƙo ta taga. "Kwance, don ubanka. Ni na goye ka."

Ya kwance. Na nuna masa ɗan bututun tagulla mai rami kamar na allura. Ya ɗaga shi sama, haske bai ratsa ba. Ya sa baki ya hura, sai ga wani abu ya faɗo a tafinsa: ƙullin zare, ja, jiƙe da mai. Ya dube shi, ya kai hannu kan hularsa. Juyi ɗaya motar ta tashi, ba karan tokare cok, ba tari.

Aikin bai kai tsawon sallar azahar ba. Mu kuwa mun fi awa biyu a wurin.

Yaya ta rayu. Yaron bai zo da rai ba. Likita ya ce da mun iso da wuri... sai ya juya ga wanke hannunsa.

Kowa ya ce ƙaddara ce, kuma na yarda, ni Musulma ce. Amma makonni shida kafin ƙaddarar na faɗa, aka ce in je in karanta wa tukunya.

Yanzu motar lafiya lau, garwa ɗaya har Miga. Kawu ya sayi mazurari mai raga. In mun haɗu a zaure nakan durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa. Ban sake shiga motar ba.