Na Je Kudan In Yi Faɗa A Kan Inabin Baba

Mun tashi da asuba daga Ikara, ni da wata ƙawata ta ajin yaƙi da jahilci, kuma ban ɓoye mata ba: faɗa zan je yi. Ku 'yan ajinmu da kuka dame ni da tambaya, ga yadda aka yi.

Mahaifinmu ya je Makka a ƙafa, ya shekara bakwai. Da ya dawo ya zo da ƙwayar inabi ƙulle a tsumma, ya shuka a lambunsa na bakin fadama, a ƙauyenmu kusa da Kudan. Guda ɗaya ta fito. Bayan rasuwarsa itacen ya daina 'ya'ya, sai ganye, amma shi kaɗai ya rage mana na hannun Baba. Sai ga labari daga bakin wata mai sayar da daddawa, wai tun kaka ƙanena ya kawo malamin gona sun sassare shi. Wata huɗu ana ɓoye mini!

Babbar mota muka samu mai zuwa kasuwar Makarfi, sule ɗaya da sisi kowa. Direban ya liƙa sabuwar tutar nan ta 'yancin kai a goshin motar, amma hanyar tana nan yadda Bature ya bar ta, rami na bin rami. Kan buhun barkono aka zaunar da mu. Har muka sauka atishawa muke yi, ni da wani tsoho kamar muna gasa.

Makarfi rake ne ko'ina, an jingine shi dami-dami, ga mazarƙwaila a faifai ƙudan zuma na binta. Mun ci waina ta taro da miyar taushe. Mai wainar ta so ta rage mana ɗaya, na ƙirga a gabanta da ƙarfi, ta cika. Wani ɗan boko da ke cin tasa a gefe ya ji muna zancen inabi, ya ce ai Turawa giya suke yi da shi, har garuruwan da suka yi watsi da nomansa sun koma kai. Na ce, “Su ta shafa, malam. Mu yadda Allah ya halicce shi muke ci.”

Daga nan mota ta gagara, muka bi masu jakai da ke komawa wajen Kudan. Gonakin rake hagu da dama, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila na tashi, ƙamshinsa har cikin maƙogwaro. Ƙawata sai yaba ƙasar take yi. Ni ban yaba komai ba, maganganun da zan gaya wa ƙanena nake jerawa.

Da la'asar muka isa. Ƙanena ya durƙusa zai fara gaisuwa, na ce ya ajiye ta tukuna.

“Kai, wa ya ba ka izinin sa wuƙa a itacen Baba?”

“Yaya, ki sha ruwa mana.”

“Ban zo shan ruwa ba. Muje in ga ɓarnar.”

Muka gangara fadama, Gwaggo ƙanwar Baba na biye da mu da sandarta. Lambun da na sani kurmi ne, ko akuya ba ta son shiga. Yanzu an share, an gyara rijiyar, an kafa rumfar gora. A ƙarƙashin rumfar kuwa nonnan inabi ne ke reto, wasu kore, wasu sun fara yin baƙi. Na tsaya ƙirgawa, na kai talatin na rikice. Ƙanena ya tsinko ya miƙo mini. Da tsami-tsami a farko, sannan zaƙin ya biyo. Rabona da wannan ɗanɗano tun ina budurwa.

Duk da haka ban sauka ba. Na ce ko ya yi 'ya'ya dubu, Baba bai taɓa sa masa ƙarfe ba.

Gwaggo ta yi dariya har da tari. “Ke dai bakinki ya fi idonki aiki. Duk kaka ubanku yake aske shi tas, ya bar gindi da 'yan rassa. Kina can wajen tallan furarki, ina za ki gani? Ran sadakar arba'in ɗinsa wa ta tsaya a tsakar gida ta ce duk wanda ya taɓa itacen nan ba ita ba shi?”

Ni ce. Kowa a wurin ya sani.

“To me ya sa ba ku faɗa mini ba, Gwaggo?”

“Wa zai faɗa miki? Muna son zaman lafiya.”

Shekara ashirin da wani abu ke nan rabon itacen da aski saboda maganata. Ƙanena ya nuna mini rassan da suka sare: ya dasa su a gefen rijiya, sun kama. Maƙwabta uku sun riga sun karɓa, sun koma share tsofaffin lambunansu da suka bar wa ciyawa. Har daga Kudan ake zuwa kallo.

Kwana biyu muka yi. Ranar komawa ya sa mini dashe biyu a fasasshiyar tukunya. Ban iya ba da haƙuri da baki ba, ban saba ba. Na dai ce masa, “In kaka ta yi ka zo Ikara ka nuna mini inda ake yankawa.” Ya ce to, Yaya, yana kallon ƙasa don kada in ga dariyarsa.

Tukunyar a cinyata ta yi tafiyar har gida, na hana kowa matsowa kusa. Mun iso bayan azahar, na dasa su a bayan ɗakina kafin in cire mayafi.

Abin da na koyo ba mai daɗin faɗa ba ne, amma da hannuna nake rubuta shi. Na ɗauka tsaron itacen Baba nake yi, ashe ni na hana shi haihuwa, kuma duk gidanmu an sani, tsoron bakina ya sa aka yi shiru. Na gaya wa 'ya'yana daga yau in na yi kuskure su faɗa mini. Babbar ta dube ni ta ce, “Yau za mu fara, Inna, ko sai kin huta?”