Ka Tambaye Ni, Na Ce Lafiya Lau

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 18 ga watan Yuni, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Dakta Jafaru Imrana, likitan zuciya, malamin ɗaliban likita a nan Lafia. An ce yana tsaye a gaban aji sai ya nemi kujera ya zauna. Duk abin da ya koya wa ɗalibansa sun yi a kansa, amma wa'adi ya cika.

Ni Zuwairatu ce, mai sayar da gishirin Awe, ina zaune a unguwar Bukan Sidi. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da rubutuna.

Likita, a lokacin ina rumfata a kasuwa, rana tsaka, ina auna wa wata mata gishiri. Sai na ji wani abu mai ɗumi, zagayayye, ya sauka a ƙirjina ta hagu, daidai inda kake ɗora abin sauraronka. Na ji ƙamshin kanumfarin da kake taunawa. Na waiwaya, babu kowa sai buhuna. Sai da la'asar labarin ya iso ni.

Shekara biyar ke nan da na zo wurinka numfashina yana yankewa. Ka saurari ƙirjina ka daɗe, ka ce wata ƙofa a zuciyata ba ta rufuwa daidai, tana wani sauti da ɗalibai ba su cika samun ji ba sai a littafi. Ka ɗora ni a kan magani. Sai da na samu sauƙi ka roƙe ni, ko zan yarda su riƙa zuwa suna saurare. Ka ce in na ƙi, maganina ba zai canja ba. Na yarda. Tun daga nan, duk ranar da ka shigo da su cikin fararen riguna sai ka ce, “Malama Zuwaira, ga ɗalibanki sun iso.” Ni da ban gama aji shida da kyau ba.

Ba ka taɓa barin ɗalibi ya ɗora mini ƙarfen abin sauraron nan da sanyinsa ba. Sai ya murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi, ya gaishe ni da sunana, ya nemi izini. Akwai wani dogo, Terseer, da ya zo da gaggawa ya ɗaga mini mayafi babu sallama. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce ya fita ya sake shigowa. Sau uku yana fita. A na ukun har ya tambayi lafiyar jikokina.

Babban darasinka kuwa ɗaya ne, na haddace shi don yawan ji. Kakan ce mutanenmu ko suna bakin mutuwa, in ka ce yaya jiki za su ce lafiya lau. Wannan gaisuwa ce, ba amsa ba. Dole likita ya yi shiru ya jira magana ta biyu. Kai haka kake yi: ka karkata kai gefen dama, ka zuba wa mutum ido, ka jira.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Mako uku kafin rasuwarka, bayan ɗalibai sun fita, ka cire abin sauraron daga wuyanka ka sa mini a kunne. Ka ce shekara biyar ana jin zuciyata, yau ni ma in ji ta wani. Ka murza ƙarfen ka ɗora a ƙirjinka. Na ji tana bugawa, sai ta tsaya. Ta yi shiru har na ji ƙarar fanka, sannan ta dawo da gudu kamar mai tuntuɓe. Ka ce, “Me kika ji?” Na ji nauyinka. Wace ce ni da zan faɗa wa likitan zuciya zuciyarsa ba daidai take ba? Na ce, “Lafiya lau.” Ka karkata kai, ka jira. Na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwali. Ka jira har ka gaji, ka yi murmushi, ka ce in gaida gida.

Tun da aka kai ka makwancinka nake ganin da na buɗe baki, da wataƙila kana nan. Na daina zuwa asibiti. Maganina ya ƙare ban koma ba, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Ranar Litinin da ta wuce ’yata ta tilasta mini komawa asibiti. Aka shigar da ni ofishinka. Kujerarka tana inda take, abin sauraronka yana rataye a ƙusa. Wadda na tarar ita ce Dakta Iveren, ɗalibarka ta farko-farko cikin waɗanda suka saurare ni. Ta ce nata yana mota, ta miƙa hannu ta ɗauko naka. Ina kallonta, ba ta kai ga murza shi ba ta tsaya, ta dubi tafin hannunta, ta dube ni. Ta ɗora mini. Da ɗuminsa, Likita, kamar yanzu aka cire shi daga hannun mutum. Ɗakin kuwa da sanyi, ana ruwa tun safe. Na san mamaci ba ya dawowa. Abin da fatata ta ji kawai na faɗa.

Ta ce, “Mama, yaya jiki?” Na ce lafiya lau. Sai ta karkata kai gefen dama, ta zuba mini ido. Fuskar tata ce, amma jiran naka ne. Wannan karon ban bari ya wuce ba. Na faɗa mata kumburin, na faɗa mata maganin da na bari, na faɗa mata abin da na ji a ƙirjinka na ɓoye.

Ta riƙe hannuna ta ce, “Mama, Oga ya sani tun bara, yana shan magani. Mu ma duk ya ba mu mun ji. So yake mu koyi faɗa wa babba gaskiya. Ba ke kika kashe shi ba.” Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Wata mai zuwa ɗalibanka za su yi jarrabawa. Iveren ta tambaye ni ko zan zo su saurara. Zan zo, in Allah Ya kai mu. Duk wanda ya tambaye ni, zan ba shi magana ta biyu.

Allah Ya jiƙanka, Likita, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka bari a hannun yaran nan ya riƙa iso maka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hajiya Bilqis da yara, da ɗalibansa masu zuwa masallaci da masu zuwa coci. Allah Ya ba ku haƙuri. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.