Tsohuwar da Ta Zo Ganin Buɗe Allon Bagade

A safiyar Ista, a wani cocin ƙauye a ƙasar Tirol, Korbinian mai kula da cocin yana tsaye gaban tsohon allon zanen da ke saman bagade, wato teburin ibada na gaban cocin. Ƙyamarensa biyu a rufe suke tun farkon azumin da ake yi kafin Ista, kamar yadda aka gada.

A bencin gaba akwai wata tsohuwa da bai taɓa gani ba. Rigar sanyinta ta koɗe, takalmanta duk laka, alamar da ƙafa ta gangaro daga kan dutse. Tana karkata kai irin na wadda ido ɗaya ya rage mata. Wataƙila, ya ce a ransa, a nan aka ɗaura mata aure.

"Ɗana, buɗe a hankali," in ji ta. "Likita ya ce idona na mutuwa, baɗi war haka sai dai in ji labari."

"Iya, katakon nan ya girmi kakan kakanki. Ko na so sauri, ba zai yarda ba."

"To, halinmu ɗaya ke nan."

Yana ja, ƙyamaren suna kuka, ruwan zinariya yana bayyana, ga Maryamu cikin shuɗin mayafi riƙe da jaririnta. Sai ya kama hannun tsohuwar, ya hau da ita matakalar bagaden. Ta kai fuska dab da katakon, tana bin zanen sannu a hankali kamar mai haɗa guzuri.

"Shuɗin nan har yanzu ina ganinsa," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."