Wuƙar da Ta Ƙi Magagari

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama ce duba-gari ya ce zai rufe mini tukubar tsire a tashar Kawo, muddin ya ƙara ganin tsatsa a wuƙata. Jiya na ji wani yana goga magagari, sai na tuna Baba, tsohon maƙerin Unguwar Shanu.

A waccan shekarar na kai masa guntayen ƙarfe mara tsatsa guda huɗu, ya ƙera mini wuƙa. Ya ƙera na farko, ya tsoma shi a ruwa da zafinsa yadda ya saba, ya tsage. Na biyu ma haka. Na uku ya tsoma a man gyaɗa, bai tsage ba, amma magagari ya ci shi kamar sabulu, alamar bai yi tauri ba.

"Baba, mu haƙura."

"Kai dai zuga, mai tsire! Wannan ƙarfen, ja bai ishe shi ba."

Na yi ta zuga, gumi na zuba, har ƙarfe na huɗu ya koma launin ruwan lemo mai haske. Ya tsoma a mai, wuta ta tashi har fuskarsa, hayaƙi ya turnuƙe. Da ya huce, ya rufe ido kamar kullum, ya goga magagari dab da kunnensa. Sai magagari ya zame, ƙirrr!

"Ka ji? Ta ƙi!" Tsoho ya miƙe yana rawa da awartaki a hannu, kafin ya ɗan gasa ta kada ta karye.

Ba a rufe tukubata ba. Allah ya sanyaya makwancin Baba. Ranar mun yi asarar ƙarfe uku, gawayi buhu guda, da rabin gemun Baba.