Ruwan Gishiri a Kan Salak

Ranin da Shari'a ta fara aiki a Zamfara, lokacin da direbobi ke ta gardamar inda mata za su zauna a mota, shi ne ranin da na fara noman salak a fadamar Katuru. Da guga nake ban-ruwa, kuma burina in sayi inji da kuɗin wannan salak ɗin. Masu saye a bakin gona suka yi mini tayin banza, sai na ce ni zan kai shi Kaura Namoda da kaina.

Taubashina, ɗan kawuna, falken fata ne. Ya yi shatar a-kori-kura zai je Kaura karɓar ɗanyun fatu a hannun mahauta, ya ɗauki buhunan gishirin da yake barbaɗa musu. Ya ba ni wuri na jera kwandunana goma sha huɗu.

Mun wuce Shinkafi da hantsi motar ta mutu. Direba ya leƙa ƙarƙashinta, ya hau kabu-kabu ya koma gari neman bakanike. Rana ta ɗaga. Ganyen da ke sama ya fara sunkuyar da kai. Akwai rijiya kusa da hanya, na ari bokiti na fara yayyafa wa kwandunan ruwa, kamar yadda masu ganye ke yi a kasuwa.

"Kai bawana, mi kake yi haka?" in ji taubashina. "Wanka kake ma ganye?"

"Bawan wa? Kai da ƙudaje ke rakiyarka har masallaci."

"Ƙudajen ga sun fi ka sanin kasuwa. Ruwa tsura ruɓar da kaya shikai. Fata na kwana nawa hannuna ba ta wari? Gishiri ne. Sa mashi gishiri, ko gobe munka isa, garau za ka ishe shi."

Maganar ta shiga kunnena, domin ban taɓa ganin fatarsa ta lalace ba. Na riga na jiƙa kwando huɗu da ruwan rijiya. Ya kwance buhu, ya zuba gishiri cikin bokitin da hannu biyu, ya dama, muka bi sauran goman muka jiƙa su sosai. Muka zauna a inuwar motar muna cin gyaɗa.

Bayan azahar na ɗaga ganyen kwando ɗaya. Ya yi laushi kamar tsumma, ya yi duhu, ruwa na ɗiga ta gindin kwandon fiye da wanda muka zuba. Huɗun farko kuwa suna tsaye da ƙarfinsu. Taubashina ya duba wannan, ya duba wancan.

"Wanga ganye naka rago ne," ya ce. Can sai ga direba ya dawo da bakanike.

A ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa da yamma na ba malaminmu labarin. Ya ce ganye ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane cike da ruwa, kowane da 'yar fata siririya da ta kewaye shi. Ruwa na ratsa wannan fatar cikin sauƙi, gishiri ba ya ratsa ta haka. Kuma ruwa yakan bi ta cikinta zuwa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. In ka yayyafa ruwan rijiya, sai ya shiga ɗakunan su cika, ganye ya miƙe. In ka sa gishiri a waje, na ciki ne zai fito. A fatar akuya abin da ake so ke nan, a janye ruwan don kada ta ruɓe. Gishirin aiki ɗaya ya yi a wuri biyun.

Ranar da abin ya faru, sai bayan la'asar muka shiga Kaura, kasuwa ta fara watsewa. Kwando huɗu na sayar. Ɗaya wata mai abinci ta karɓa kyauta, ta ce za ta tsince na tsakiya. Tara na juye a bayan tasha, ko awaki ba su ci ba. Kwanduna uku kuma igiyar da aka ɗaure su da ita ta karya a hanya. Inji kuwa ban saya ba a wannan shekarar.